Kibiyar da Ke Ratsa Bango

"Matsa da ita wajen taga!" in ji Uwar Biyu da ƙarfi daga ɗakin aikinta. "Ta kama?"

"Ba abin da ta kama," maigidanta ya amsa daga ɗakin maƙwabcinsu, wanda bango ɗaya ne ya raba shi da nata. "Wani abu ne dai ke ta juyawa a tsakiya kamar fanka."

"To ɗora ta kan kujerar nan ta gefen gado."

Ta ji ƙarar jan kujera, ta ji tarin maƙwabcin nasu, Baba Direba, sannan muryarsa ta biyo baya, a dushe amma cike da tsokana. "Kai Baban Biyu, saki jikinka mana. Ka rungume kwamfuta kamar wanda aka ba riƙon jaririn da ba nasa ba."

A daidai lokacin nan wani ɗan rubutu ya fito a kusurwar kwamfutarta, yana cewa an haɗu. Ta kama linzamin kwamfutar, ta ɗauko shafin farko na littafin da take tsarawa, ta ja shi zuwa dama har ya ɓace daga gabanta. Ta yi tsit tana saurare.

"Ikon Allah!" Baba ya ce daga bayan bangon. "Uwar Biyu, ga wata 'yar kibiya ta shigo mini ɗaki ko sallama babu. Kuma ta jawo rubutu a bayanta!"

Ta kwashe da dariya har ta dafe teburi.

Aikin Uwar Biyu tsara littattafai ne. Marubuta su aiko mata da rubutunsu tsibi guda, ita kuma ta zauna ta jera shi shafi-shafi, ta zaɓi girman baƙi, ta daidaita gefe da gefe, har ya isa a kai maɗaba'a. A gida take yi, a wani ɗan ɗaki da a da ake ajiye tarkace a ciki. Tana da tsohuwar laftof wadda tun 'yan biyunta na ƙanana suka shayar da ita shayi, rabin madannanta suka mutu, batirinta kuma ba ya minti ɗaya in an cire caja. Allonta ne kawai ya rage garau. Maimakon ta yar da ita, sai ta mai da ita allo na biyu: ta ajiye ta kusa da babbar kwamfutar, ta haɗa su ta wayifai ba tare da waya ko ɗaya a tsakani ba. Rubutun marubuci a wannan allo, shafin da take tsarawa a wancan, 'yar kibiya na kai da komo tsakaninsu. Haka ta saba aiki shekara da shekaru, har ta manta yadda ake yi da allo ɗaya.

Shi kuwa Baba Direba, tun kafin su tare a gidan yake nan. Ya yi rayuwarsa a bayan sitiyarin babbar motar fasinja, yana tashi kafin gari ya waye, yana kwana inda dare ya same shi. Da ya ajiye aiki, kullum yana kan benci a ƙofar gida, duk motar da ta wuce sai ya faɗi ciwon da ke damun injinta. Daga baya zuciya ta kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarta, hannuwa suka kama rawa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ta auta ce ke tare da shi, ita kuma tana aiki a shagon magani daga safe har la'asar.

Wata rana Uwar Biyu ta kai masa miya da rana, ta same shi kwance ya zuba wa silin ido, rediyo a kashe.

"Baba, ba ku kunna rediyo ba?"

"Na gaji da su. Abin da suka faɗa jiya shi za su faɗa yau." Ya juyo da kai. "Ke dai gaya mini, me ke ba ki dariya ke kaɗai a ɗakin nan? Ina jin ki ta bango. Jiya kuma har tsaki kika yi."

Ta ji kunya, ta ce wani littafi ne take tsarawa. Labarin wata mata ne da ta yi faɗa da ƙanwarta, ta fita cikin fushi, ta shiga motar da ba ta garin da ta nufa ba, ta sauka a inda ba ta san kowa ba, kuma girman kai ya hana ta juyowa.

Baba ya yunƙura ya ɗan tashi zaune. "Ta shiga motar da ba tata ba, kuma direban bai tambaye ta inda za ta ba? Wannan wane irin sakarai ne? To sai me ya faru?"

Ta ba shi abin da ta iya tunawa. Washegari ya sake tambaya, jibi ma haka. Ta lura tun da ya kwanta ba ta ga idonsa ya yi haske irin na ranakun nan ba. Littafi ba ya riƙuwa a hannunsa, ƙananan baƙaƙe kuma sun fi ƙarfin idonsa. Sai dabarar ta faɗo mata. Amma littafin bai fito ba tukuna, amana ce a hannunta, don haka sai da ta kira marubuciyar ta nemi izini.

"Tsoho ne, kuma daga gadonsa ba inda zai kai labarin," ta ce mata.

Marubuciyar ta ce, "A ba shi. Amma in ya ce ba daɗi, kada ki gaya mini."

Abin da ya kai tsohuwar laftof kan kujerar gefen gadon Baba ke nan.

Da yake madannan sun mutu, juya shafi sai daga wajenta. Baba ne ya kawo tsarin da kansa: ya sa 'yarsa ta ajiye masa cokali a ƙarƙashin matashi. In ya gama shafi, sai ya ƙwanƙwasa bango da gindin cokalin. Uwar Biyu na tsakiyar aikinta za ta ji ƙwas, sai ta tura kibiya ta ratsa bango, ta danna, ta dawo da ita. Ta ƙara girman baƙin har layi ɗaya bai fi 'yan kalmomi ba. Wani lokaci shafin kan yi nawa kafin ya isa, sai ta ji ya ce, "Motarki ta tsaya shan mai!" In wuta ta ɗauke kuwa, allon ya mutu nan take, shi kuma ya yi ta faɗa shi kaɗai har ta dawo.

Ita abin bai zo mata da sauƙi ba. Komai nata ya dawo allo ɗaya, tana matse wannan ta buɗe wancan, aikin awa ɗaya ya koma na biyu. Mutumin maɗaba'a ya fara kira yana tambayar ina aka kwana. Maigidanta, wanda sana'arsa gyaran firji ce, ya ce mata ta karɓo abarta ko da na rabin yini ne.

"Bari kawai," ta ce. "Da ina aiki ni kaɗai kamar mujiya. Yanzu ina da abokin zama."

Gaskiya ta faɗa. Ta fara gane Baba ta ƙarar cokalinsa. In labari ya yi zafi, ƙwanƙwasar kan zo a gaggauce, wani lokaci har da "Yi sauri, 'yar nan!" In aka zo wurin baƙin ciki sai ta daɗe ba ta ji komai ba, daga baya ƙwas ɗin ya zo a hankali. Da la'asar in ta shiga gaishe shi, ba ya karatu a gabanta. Sai ya tura kujerar gefe, ya zaunar da ita, a shiga shari'a.

"Matar nan taurin kai gare ta irin na marigayiya," yakan ce. "Ga tasha nan kusa da inda take aiki. Me zai hana ta shiga mota ta je ta ce wa ƙanwarta yi haƙuri? Na ɗauki irinta ba adadi. Su ne ke zama kusa da taga, ba sa cin komai, ba sa magana da kowa har a isa."

Akwai ranar da ta yi kuskure. Da yake ba ta ganin allon da ke bayan bango, hannunta ya zame ta tura wani abu daban. Can sai ta ji dariya haɗe da tari, har ta tsorata ta ruga.

"Lafiya, Baba?"

Ya nuna allon da haɓa, hawaye na zuba. Saƙon da take rubuta wa maigidanta ne, da manyan baƙaƙe: ya gyara firjin duk unguwa, nasu na gida kuwa wata guda ke nan yana zubar da ruwa, in bai duba shi yau ba, za ta kira wani mai gyara ta biya shi a gabansa.

Ta rufe fuska da mayafi. Da yamma Baban Biyu ya shigo gaisuwa, Baba ya dube shi da fuskar tausayi ya ce, "Ɗana, in kana neman mai gyaran firji, na san wani." A daren nan aka gyara firjin.

Akwai kuma ranar da cokalin ya yi shiru. Ta jira, ta ci gaba da aiki, ta sake jira. Ta tashi ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba, ta tura ƙofarsa. Yana kwance baki a ɗan buɗe, cokali a kan ƙirji, yana minshari a hankali. Ta tsaya ta dafe ƙyaure har bugun zuciyarta ya lafa. Tun daga ranar ta gane cewa ba shafi kawai take juyawa ba. Muddin tana jin ƙwas, ta san yana nan.

Ana haka littafin ya zo inda rubutun ya tsaya. Matar cikin labarin ta tsufa, labari ya iso mata cewa ƙanwarta ba lafiya, ta je tasha ta tsaya a bakin ƙofar mota da jakarta a hannu. Daga nan babu komai. Marubuciyar ba ta aiko babin ƙarshe ba.

Baba ya ƙwanƙwasa. Ya sake ƙwanƙwasawa. Uwar Biyu ta je ta yi masa bayani.

"Wato a bakin mota aka bar ta?"

"A nan aka bar ta, Baba."

"To ai ni ma a nan aka bar ni," ya ce, yana murmushi. "Gaya wa mai littafin fasinja na jira."

A makon ne jikinsa ya ƙara sauka. Abinci ya koma cokali biyu uku, magana sai ya huta a tsakiya. 'Yar autarsa ta ɗauki hutu daga shago. Wata safiya ta tare Uwar Biyu a bakin famfo, idanunta sun kumbura.

"Yaya, likita ya zo jiya. Ya ce a bar shi a gida, a yi masa duk abin da yake so." Ta goge hanci da gefen zani. "Na tambaye shi me yake so, wai shi dai yana son ya san ko matar nan ta shiga motar."

Uwar Biyu ta koma ɗaki ta zauna gaban waya. Ba ɗabi'arta ba ce matsa wa marubuci, ta san yadda suke, kuma aikin nan shi ne abincinta. Amma ta kira.

"Malama, ki gafarce ni. Babin ƙarshen nan ne."

"Na sani, na sani, mutumin maɗaba'a ma ya dame ni," in ji marubuciyar a gajiye. "Na rubuta na goge ya fi a ƙirga. Wallahi ni kaina ban san ko za ta koma ba."

"Ba don maɗaba'a na kira ba. Tsohon nan ne da na gaya miki. Ya karanta duka, shafi bai tsallake ba. Likita ya ce kwanakinsa ba yawa."



"Duka ya karanta?"

"Duka. Kullum sai ya yi wa matar faɗa kamar 'yarsa."

"Me ya ce a kanta?"

"Ya ce ya ɗauki irinta da yawa. Wai su ne masu zama kusa da taga, ba sa cin komai har a isa."

Ta ji marubuciyar ta ja numfashi. "Ki ce masa ya jira ni."

Bayan kwana kaɗan babin ya iso da hantsi, ba gyara, cike da kuskuren bugu, wasu jimlolin ko aya babu. Uwar Biyu ba ta tsaya tsara shi ba, ba ta ma karanta ba. Ta ja shi ta tura bayan bango, ta jira ƙwas. Bai zo ba. Sai 'yar auta ta leƙo ta ce idonsa ba ya iya tsayawa kan rubutun, layukan na haɗe masa.

Ranar Baban Biyu bai fita da wuri ba. Ta kamo hannunsa ta zaunar da shi a kujerarta.

"Ga linzami. In ka ji ƙwas, ka danna nan. Kada ka taɓa komai bayan wannan."

"Ni da ban san kan abin nan ba?"

"Dannawa ce kawai. Na buɗe maka shi a nan ma, don ka ga inda muke."

Ta shiga ɗakin Baba. An jingina shi da matasai, an buɗe taga, hasken rana ya kwanta a kan bargonsa. Ya rame har agogonsa ya sauko tsakiyar hannu. Ta zauna a bakin gado, ta juyo da allon wajenta, ta karɓi cokalin.

"Baba, mota za ta tashi."

"Bismillah," ya ce, ya lumshe ido.

Ta fara karantawa. In ta kai ƙarshen shafi sai ta ƙwanƙwasa, kibiya ta shigo tana tangaɗi a hannun da bai saba ba, shafi ya juya. Sau ɗaya Baban Biyu ya tsallake shafi, Baba ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Yaron motar nan sabo ne." 'Yar auta, wadda ke tsaye a jikin ƙofa, ta yi dariya da hawaye a fuska.

Matar ta shiga motar. Ta zauna kusa da taga. Uwar Biyu ta ɗan dakata a wurin, ta dubi Baba, ta ga gefen bakinsa ya motsa. Hanya ta yi tsawo, gari ya canza har matar ba ta gane layinsu ba, sai da ta yi tambaya. Ta sami ƙanwar zaune a tsakar gida an shimfiɗa mata tabarma. Ba wadda ta ce wa wata yi haƙuri. Ƙanwar ta dube ta kawai ta matsa gefe, ta bar mata wurin zama.

Uwar Biyu ta ajiye cokalin. "Ya ƙare, Baba."

Ƙirjinsa na hawa da sauka a hankali.

"Ta koma," ya ce. "To madalla. Hankalina ya kwanta." Ya huta. "Direban da ya kai ta fa, an faɗi sunansa?"

Ta duba. "Ba a faɗa ba."

"Haka ake mana kullum," ya ce, ya yi 'yar dariya marar sauti. "Ki yi wa mai littafin godiya. Ke kuma, Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Kin zauna da ni."

Can sai ga Baban Biyu ya shigo, idanunsa jajur, yana murza su da bayan hannu. "Hasken kwamfutar nan ba shi da kyau ga ido," ya ce. Ba wanda ya musa masa.

Baba ya ƙara kwana biyu. Ya sha shayi da kansa, ya sa aka kira masa tsofaffin abokan aikinsa, suka zauna suna tuna hanyoyi da motocin da suka mutu tun tuni, har ana jin dariyarsu daga waje. A safiya ta uku, bayan yara sun tafi makaranta, Uwar Biyu na shanya sai 'yar auta ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka mai ƙarfi ba.

"Yaya, Baba ya tafi. Ina riƙe da hannunsa. Kamar barci."

Uwar Biyu ta saki rigar da ke hannunta cikin bokiti, ta je ta rungume ta.

Mutane sun zo da yawa, fiye da yadda kowa ya zata. Tsofaffin direbobi, masu gyaran taya, wata dattijuwa da ta ce shekaru da dama da suka wuce ya taɓa juya mota cike da fasinja ya kai ta asibiti. Marubuciyar ma ta zo, ta zauna cikin mata ba wanda ya san ta, ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakinsa kafin ta tafi.

Da masu gaisuwa suka ragu, 'yar auta ta kawo laftof ɗin, ta naɗe cajar da kyau ta ɗora a kai.

"Ga amanarki, Yaya. Allah ya saka."

Uwar Biyu ta mai da ita wurinta na da, kusa da babbar kwamfutar. La'asar ce, rana ta karkato ta taga. Ta ɗauko ƙyalle za ta goge ƙura kafin ta kunna, ta buɗe murfin, sai hannunta ya tsaya. A kan baƙin gilashin, inda hasken ya faɗo a kaikaice, akwai sawun yatsa. Layi ne bisa layi, daga hagu zuwa dama, tun daga sama har ƙasa, kowanne da 'yar rawa a cikinsa. Ba ta taɓa ganin sa yana karatu ba. Ashe da yatsa yake bi.

Ta ninke ƙyallen ta ajiye a gefe. Ta zauna, hannuwanta a cinya, tana kallon layukan har rana ta gota daga kansu.